Ciyar da Mace Yayin da Shari'a Take Gaban Alƙali

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

'Yan'uwa Musulmi, akwai wata ɗabi'a da muke son jan kunne a kanta. Da zarar mace ta kai ƙarar mijinta, sai ya tsuke bakin aljihu, ya ce ai magana tana kotu. Alƙali ya yi ta ɗaga zama, ita da 'ya'ya suna cin bashi a maƙwabta.

To, a sani, ƙara ba ta kwance igiyar aure. Muddin auren yana nan, ci da sha da sutura da wurin kwana suna wuyan miji, sai fa in an tabbatar da nushuzi, watau ta fita daga ɗa'arsa ba da haƙƙi ba. A mazhabar Malikiyya, abin da mawadaci ya ƙi bayarwa ba ya faɗuwa don an daɗe, bashi ne a kansa. Wadda aka yi wa saki na kome ma tana da ciyarwa har ta gama idda.

Saboda haka alƙali yana da ikon yanka wa miji abin da zai riƙa bayarwa kafin hukunci, bisa ƙarfinsa da halin matar da al'adar garin. Asalin wannan ma'auni yana cikin hadisin Hindu matar Abu Sufyanu, wadda Annabi (S.A.W.) ya yarje wa ta ɗebi abin da zai ishe ta da ɗanta gwargwadon al'ada. A Masar, dokar 1985 ta wajabta wa alƙali yanka ciyarwa ta wucin gadi cikin mako biyu daga ranar shigar da ƙara. Dokar iyali ta Maroko ta 2004 kuwa ta ba ƙarar ciyarwa wa'adin wata ɗaya.

Wanda ya horar da matarsa da yunwa don ta gaji ta fanshi kanta da hul'i, ya sani Muhtasar na Shaihu Halilu ya nuna cewa in cutarwa ta tabbata, ana mayar mata da dukiyarta, sakin kuma ya auku.

Kai ɗan kasuwa, kai ma'aikaci, kada ka ɓoye riba ko albashi gaban alƙali, domin akwai ranar da ba a ɗaga zama. Allah Ya sa mu dace, amin.