Shin Faɗaɗar Sararin Samaniya Daidai Take ta Kowace Fuska?

Gabatarwa

Tun shekarar 1929, lokacin da Edwin Hubble ya nuna cewa gungun taurari masu nisa, waɗanda ake kira galaksi, suna ƙara nesanta da mu, kuma gwargwadon nisansu gwargwadon saurinsu, masana falaki suka yarda cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi. Misalinsa kamar ƙullun fanke ne da aka barbaɗa wa riɗi: in ya kumbura, kowace ƙwaya sai ta ƙara tazara da 'yar'uwarta. To, amma akwai wani zato da aka ɗora kusan dukkan lissafin a kansa, wato cewa wannan kumburi daidai yake ta kowace fuska. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake jarraba zaton nan da hasken taurari masu fashewa.

Fitilar Awo

Matafiyin da ya hango fitila da dare, muddin ya san ƙarfin haskenta, zai iya kimanta nisanta daga dushewarta. Irin wannan fitila masana suka samu a wani nau'in fashewar tauraro da ake kira sufanoba, aji na Ia. Asalinta tsohon tauraro ne da ya ƙanƙance, wanda yakan tarwatse in nauyinsa ya doshi ninki 1.4 na nauyin rana. Da yake sanadin fashewar kusan iri ɗaya ne, haskenta ma yakan yi kusa da juna. A 1993 Mark Phillips ya nuna cewa wadda ta fi haske ita ta fi jinkirin dushewa, abin da ya ba da damar gyara ɗan bambancin da ya rage. Daga dushewar hasken ake gane nisa, daga karkatarsa zuwa ja kuwa ake gane yawan faɗaɗar da sarari ya yi tun fitowarsa. Ta wannan hanya ce ƙungiyar Saul Perlmutter da ta Brian Schmidt da Adam Riess suka gano a 1998 cewa faɗaɗar ƙara sauri take yi, har aka ba su kyautar Nobel a 2011.

Yadda Ake Jarrabawa

Sai a raba sama gida biyu, a auna saurin faɗaɗa a kowane ɓangare, a kwatanta. Sa'an nan a sauya wurin rabon, a maimaita. In zaton gaskiya ne, amsa ɗaya za a riƙa samu. Sai dai aikin yana da cikas uku. Na farko, mu kanmu ba a tsaye muke ba, don rana da duniyoyinta suna tafiyar kimanin kilomita 370 a daƙiƙa, kuma galaksi na kusa suna jan juna. Tilas a cire wannan motsi daga lissafi. Na biyu, ƙurar galaksinmu tana tare wani sashe na sama. Na uku, an fi binciken wasu sassan sama fiye da wasu.

A 2019 Jacques Colin da Subir Sarkar da abokan aikinsu suka sake nazarin sufanoba 740, suka ce ƙarin saurin ya fi bayyana ta fuskar da muka nufa, saboda haka mai yiwuwa tafiyarmu ce ta haddasa shi. A 2020 David Rubin da Jessica Heitlauf suka mayar da martani cewa matsalar tana ga yadda aka sarrafa alƙaluman, kuma in an gyara, ƙarin saurin yana nan daram. A 2022 kuma aka fitar da tarin Pantheon+, mai sufanoba 1,550, wanda ya ƙarfafa ra'ayin mafi yawan masana, ko da yake bai kashe gardamar ba.

Kammalawa

Abin da ke cikin wannan muhawara babba ne. Lissafin da ya ba sararin samaniya shekara biliyan 13.8, da batun ɓoyayyen ƙarfin da aka ce shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ke cikinsa, duk sun jingina ga zaton daidaito. In ya rushe, sai an sake duba su. An sa rai ga ma'aunar taurari ta Vera Rubin da ke ƙasar Cile, wadda ta fitar da hotunanta na farko a 2025, ta samar da sufanoba masu ɗimbin yawa daga saman kudu, domin gani ya kori ji.