Gashin Ido Na Kanti: Yadda Za Ki Sa Ya Daɗe

Yanzu da wuya ki je biki a cikin birnin Kano ba ki ga amarya da ƙawayenta da gashin ido na kanti ba, zara-zara kamar na barewa. Amma sau da yawa tun ba a yi buɗar kai ba ya soma zuba, kuɗi sun tafi a banza. To, bari mu duba dalili.

Iri biyu ne. Akwai mai layi ɗaya, na yini guda, wanda a ke cirewa kafin barci. Akwai kuma wanda a ke liƙawa ɗai-ɗai bisa gashinki na ainihi, shi ne muke magana a kansa. Ki sani gashin idon ɗan Adam yana zuba da kansa, 'yan kaɗan kowace rana, wani ya tsiro. Duk wanda ya faɗi, da baƙonsa zai tafi. Saboda haka bayan mako 2 ko 3 lalle sai an cike giɓi, kome gwanintar mai sawa.

In kin bi ta Ƙofar Mata, ki tsaya ki dubi marina a bakin karofinsu, wanda a ke cewa tun 1498 a ke rini a cikinsa. Marini ba ya tsoma zane mai maiƙo, gama baba ba zai kama shi ba. Haka gam ɗin gashin ido yake, maiƙo ne babban abokin gabarsa. Ke amarya, ki gama dilka da halawa da turare tukuna, ki wanke fuska tas, sa'an nan a sa miki. Bayan an sa, man kaɗe da basilin da man zaitun kada su kusanci fatar ido, ko da kuwa hunturu ya busar da fuska. Kwalli mai maiƙo ma ki ɗaga masa ƙafa. Na san wannan da wuya ga Bahaushiya, amma ba a cin biyu.

Yinin farko ki nisanci tururi. Tuƙin tuwo da turara dambu ki bar wa ƙanwarki, ita ma ta koya. Kada ki kwanta rub da ciki, kada ki murza ido, kada ki riƙa jan gashin da yatsa kina hira.

Waɗansu kuwa don tsoron ya zuba sai su daina wanke ido sam. Wannan kuskure ne babba. Ƙura da gumi da kwantsa su taru a gindin gashin, fatar ido ta kumbura ta yi ja, na kanti da na gado duk su zube. Ki wanke shi kullum a hankali da ruwa mai tsabta, ki dangwala ƙyalle mai laushi ya tsane, kana ki taje shi da ɗan buroshinsa.

Batun alwala fa? Malamai da yawa ba su yarda da sa shi ba, waɗansu don ƙari ne a kan gashi, waɗansu don gam yana tare ruwa. Ki tambayi malaminki tun ba ki biya kuɗi ba. 'Yan makaranta kuma, ku bari sai an yi hutu.

Gam ɗin nan ɗan'uwan Super Glue ne, amma kada ki yarda a sa miki Super Glue kansa, ko gam ɗin liƙa gashin kai, wai don ya fi riƙo. Kada kuma ki fizge shi da kanki, ki koma wurin wadda ta sa, tana da maganin da ke narkar da shi. In ido ya yi ja, ko yana zafi, ko kin wayi gari ya kumbura, a cire nan da nan, ki tafi asibiti ran nan. Asibitin Murtala yana nan kusa da ƙofar.