Shirin Musamman: Zaman Sansanin Ƙanƙara da Hawan Dutsen Vinson

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

Muna nan Gwagwalada, garin da kowa ya san zafin ranarsa. Yau za mu leƙa can ƙarshen kudancin duniya, nahiyar Antaktika, inda a 1983 aka auna sanyin da ya kai digiri 89 ƙasa da sifili a tashar Vostok ta Rasha.

Babu gari a can, babu gona, babu itace ko ɗaya. Mai niyyar hawan Dutsen Vinson, wanda ya fi kowane dutse tsawo a nahiyar, daga birnin Punta Arenas na ƙasar Chile yake shiga jirgi. Bayan tafiyar sama da awa huɗu, jirgin ya sauka a kan ƙanƙara zalla, a sansanin Union Glacier. Sansanin na tantuna ne, kuma daga Nuwamba zuwa Janairu kaɗai ake zama a cikinsa, lokacin da mu nan muke fama da hunturu.

(Ƙarar iska)

A waɗannan watanni rana ba ta faɗuwa. Ƙarfe biyun dare, gari tangaran, sai mutum ya rufe idonsa da ƙyalle kafin barci ya zo. Musulmin da ya je can, malamai sun ce ya ƙiyasta lokutan sallarsa da na wuri mafi kusa da ke da dare da rana. Ruwan sha kuwa, sai an ɗebo dusar ƙanƙara an narkar a kan risho, a cika gora, a kwana da ita cikin jakar barci don kada ta daskare.

Daga nan wani ƙaramin jirgi ke kai mahawa gindin dutsen. Kowa ya goya jaka, ya ɗaura igiya a ƙugu yana jan sauran kayansa a baya. Amma akwai wata igiyar da ta fi wannan muhimmanci, wadda ke haɗa mutum da abokan tafiyarsa. Ƙarƙashin farin filin nan akwai ramuka masu zurfi da dusar ƙanƙara ta lulluɓe, kamar rijiyar da aka rufe da zana. In ɗaya ya rufta, sauran su zube ƙasa su kafe, su riƙe shi. Ran kowa yana hannun ɗan'uwansa.

Sansani biyu ake yada zango kafin a kai ƙololuwa, mai tsawon mita 4,892. Da zarar dutse ya kare rana, sanyi ya sauko nan take, numfashi ya daskare a gemu, kuma cire safar hannu na ɗan lokaci na iya jawo asarar yatsu. A Disamban 1966 ne wata tawagar Amurkawa ƙarƙashin Nicholas Clinch ta fara kaiwa can. Afirka ma ba a bar ta a baya ba: Sibusiso Vilane na Afirka ta Kudu, wanda ya hau Everest a 2003, ya taka kan Vinson shi ma.

(Kiɗa kaɗan)

Ga abin da ya fi ɗaukar hankalina, masu sauraro. Yarjejeniyar Antaktika ta 1959 ta keɓe nahiyar don zaman lafiya da binciken kimiyya, ta Madrid ta 1991 kuma ta tsaurara kare muhallinta. Saboda haka mahawa ba sa barin komai a kan dutsen. Leda, gwangwani, har bayan-gida, a jaka ake ƙulle shi a sauko da shi, jirgi ya fitar da shi daga nahiyar. Mutumin da ke fama da numfashi da ƙyar, bai yarda ya yar da ko bawon alewa ba.

Mu ma Allah ya hore mana duwatsu, ga Zuma nan a hanyar Kaduna, wanda hotonsa ke jikin naira ɗari. Matasanmu masu fita hawan dutse ranar hutu, ku riƙe ladubban nan biyu: kada ku hau ku kaɗai, kuma abin da kuka hau da shi ku sauko da shi. Amanar ƙasa ce, za a tambaye mu.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Sai wani makon idan Allah ya kai mu, ku huta lafiya.