Inabi a Ƙasar Hausa: Sunansa da Lokacin Datsarsa

Kalmar "inabi" aro ce daga Larabci, haka nan "zabibi", watau busasshen inabi. Sunan ya daɗe a bakin malamai, amma noman kansa baƙo ne; a Kudan, kusa da Zariya, ya fi kafuwa.

Manomin Baure da ke sha'awar gwadawa ya kamata ya fahimci abu guda. A Faransa tsananin sanyi ne ke sa kuranga ta zubar da ganye ta huta. A nan hunturu bai kai haka ba, saboda haka wuƙa ce ke yin aikin sanyi. Manoman Nashik ta Indiya sukan datse rassa sau biyu a shekara: cikin Afrilu domin sabon tofo, sa'an nan cikin Oktoba domin 'ya'ya. Manufar ita ce 'ya'yan su nuna da rani, gama laimar damina takan jawo fumfuna. Wanda ya kuskure lokacin nan ya yi hasarar amfanin shekara.

Jigawar Baure kuwa ba ta riƙe ruwa. Tilas a yawaita taki da ban-ruwa, a kuma tsare dirakun rumfa daga gara.