Aron ginshiƙin manhaja: sauƙinsa da haɗarinsa

Yawancin manhajojin kwamfuta na yau ba daga tushe ake fara rubuta su ba. Ana ɗora su ne a kan ginshiƙan da wasu suka riga suka kafa, irin su Django da Laravel.

Batun ya shafi Kaduna, inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha da ke Tudun Wada da Jami'ar Jihar Kaduna ke yaye masana kwamfuta, yayin da hukumar KADGIS ke adana bayanan filaye a na'ura.

Ginshiƙi yakan zo da ayyukan da kusan kowace manhaja ke bukata, kamar tantance kalmar sirri da ajiye bayanai. Sai dai shi ke riƙe da akalar aikin, mai rubutu kuwa gurabe yake cikewa, don haka tilas ya san sharuɗɗan da aka gina shi a kansu.

A nan gizo ke saƙar, domin bayanin da ke rakiyar manhaja yakan faɗi abin da take yi, amma ba kasafai yake fayyace iyakarta ba.

Darasin Ariane 5

Ranar 4 ga Yunin 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya da harba ta.

Bincike ya gano cewa an ɗauko wani sashen manhajarta ne daga Ariane 4. Da yake sabuwar rokar ta fi tsohuwar saurin karkata, wata lamba ta zarce gurbin da aka tanadar mata, sai na'urar da ke nuna mata hanya ta tsaya.

Akwai kuma matsalar tsufa. A 2016 kamfanin Google ya sake rubuta ginshiƙinsa na AngularJS, ta yadda sabon bai dace da tsohon ba, sannan ya daina kula da tsohon a ƙarshen 2021. Waɗanda suka dogara da shi sai da suka zaɓi sake gini ko zama ba gyara.

Saboda haka, duk ma'aikatar da ta ba da kwangilar manhaja tana bukatar a miƙa mata rubutaccen bayani: wane ginshiƙi aka ara, wane zubinsa, kuma me aka sauya a ciki.

In babu wannan, ranar da wanda ya rubuta ta ya bar aiki, bayanan jama'a, har da na filayensu, za su rataya ne a kan abin da ba mai iya gyarawa.