Dambe da Kalangu da Neman Abinci a Karkarar Arewacin Kano

Dambe wasa ne na ƙarfi tsakanin mutum biyu. Kowannensu yakan naɗe hannu ɗaya da ƙyalle, ya bi shi da zare har ya yi tauri, da shi ake kai naushi. Ɗaya hannun kuma a miƙa shi gaba a buɗe, don kare fuska da auna tazarar abokin karawa. Turmi uku ake yi. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, ko da ya miƙe nan take yana murmushi. In an gama turmi ukun kowa na tsaye, alƙali ya raba su, a ce babu kisa. A ƙauyukan Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa, har zuwa Bichi da Tsanyawa da Makoɗa da Ɗambatta, an san wannan wasa tun kaka da kakanni. Abin da ya sauya shi ne matsayinsa. A da nishaɗi ne na bayan girbi, yanzu kuwa ya shiga jerin sana'o'in da saurayi ke lissafawa idan zaman gida ya gagara.

Dalilin haka yana cikin ƙasar kanta. Karkarar da ta kewaye birnin Kano tana cikin wuraren da manoma suka fi cunkushewa a Afirka ta Yamma. Gona na manne da gona, babu saura, babu dajin da za a sare a buɗe sabuwa. Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903 ake noma fili ɗaya kowace damina ba tare da an bar shi ya huta ba, kuma taki ne ya riƙe shi: kashin awaki da tumaki, da toka, da sharar gida, da wanda jakai ke ɗaukowa daga birni a mangala bayan sun kai itace. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi shekaru yana nazarin yadda wannan ƙasa ke ciyar da jama'a masu yawa haka ba ta mutu ba. Sai dai ruwan sama na wata huɗu ne ko ƙasa da haka, gero da dawa da wake da gyaɗa sau ɗaya ake girbe su, gado kuma yana ta yanka gonaki. Magidanci ya rasu a raba wa 'ya'ya, su ma su rasu a raba wa jikoki, har rabon mutum ya koma ɗan fegin da ba ya cika rumbu.

Saboda haka manomin wannan yanki bai taɓa zama manomi zalla ba. Da an ɗaure damma an kai gida, masaƙi ya koma kan saƙarsa, kamar yadda aka san mutanen Minjibir da ita, maƙeri ya hura wuta, wani ya shiga dillancin dabbobi a kasuwar Ɗambatta, wanda ba shi da sana'ar hannu ya tafi cin rani. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta mayar da gyaɗa kuɗi, har aka riƙa tara dalar gyaɗa a birni, amma farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗar a 1975 suka karya wannan kasuwa. Madatsun ruwa irin su Watari a Bagwai da Tomas a wajen Ɗambatta sun kawo noman rani na tumatir da albasa da shinkafa, to amma ba kowa ke da fili a bakin ruwa ba.

Asalin dambe na mahauta ne. Fawa sana'ar gado ce mai shugabanta, wato Sarkin Fawa, kuma samarin rundawa su ne ke bin garuruwa da kaka, lokacin da hatsi ya shigo, kuɗi ya ɗan zauna a aljihu, ana bukukuwan aure da kalankuwa. Inda aka taru nama na samun kasuwa, don haka tukuba da fagen dambe ba sa nisa da juna. Abin da gwani ke samu a wancan zamani bai wuce riga da goro da 'yan kuɗi ba, sai suna, wanda ya fi su duka daraja a wurin 'yan mata. Ɗan malami ko ɗan attajiri ba ya ɗaure hannu. Kallo kawai zai yi, wani lokacin ma a ɓoye.

Kalangun da ake kaɗawa a kasuwa don sanar da cewa an yanka sa, shi ne dai kalangun fagen dambe. Makaɗi yana saƙale da shi a hamata, yana matse tsirkiya yana saki, sautin na hawa yana sauka yadda maganar Hausa ke yi, har mai kunne ya ji abin da gangar ke faɗa. Kowane ɗan damben da ya isa yana da takensa. Da ya ji an kaɗa sai tsuma ta kama shi, ya fito tsakiyar fage yana karkarwa, ya ɗaga hannu ya yi kirari, ya ambaci ubangidansa da garinsu da waɗanda ya taɓa kashewa. Aikin mawaƙi shi ne zuga: ya tuna wa mutum ko shi ɗan wane ne, ya yi wa abokin karawarsa habaici, ya sa wanda ke jin tsoro ya ji kunyar komawa ya zauna. A wannan fanni babu sunan da ya kai na Muhammadu Bawa Ɗan Anace, mutumin ƙasar Sakkwato. Waƙar da ya yi wa ɗan dambe Shago ta bi gidan rediyon Kaduna da kaset-kaset ta shiga kowane lungu, har ƙauyukan Kano da Shago bai taɓa takawa ba suka san labarin karawarsa da Ɗandunawa. Ba mamaki an yi maza masu ƙarfin hannu kamarsa a wancan zamani, amma da yake ba su samu mawaƙi irin nasa ba, sunansu ya tafi tare da tsararsu.

Da birane suka bunƙasa, dambe ya bi jama'a. Aka kafa gidajen dambe masu katanga da ƙofa, ana biya kafin a shiga, ana wasa rani da damina. A Kano akwai na dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari, a wajen Abuja akwai na Dei-Dei da na Maraba, haka ma a unguwannin Hausawa na Legas. 'Yan wasa sun kasu ɓangare uku, Kudu da Arewa da Guramada, kowane da magoya bayansa masu zafin kai, kuma ba a haɗa 'yan ɓangare ɗaya su sa zare a tsarin da aka saba. Sunayensu ma suna nuna yadda ake shiga harkar. Za a ji Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, Dogon wane, domin kusan kowa ta hannun wani babba ya fito. Mai gida yana ba da sallama daga kuɗin ƙofa, 'yan kallo suna yin liƙi ga wanda ya burge su, a manyan gasanni kuma ana sa babur ko mota. A nan ne irin su Ebola da Dogo Mai Takwasara da Ali Ƙanin Bello suka yi suna. Daga 2017 tashar Dambe Warriors ta fara sa faɗace-faɗacen a YouTube, mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya ta Hausa suka riƙa kallo daga ƙasashen waje. Bayanta kamfanin African Warriors Fighting Championship na Maxwell Kalu ya shigo da awon nauyi da ƙayyade lokacin turmi da ajiye ma'aikatan lafiya a gefen fage. Tsofaffin 'yan kallo suna gunagunin cewa an rage wa wasan armashi, tunda daɗinsa a wurinsu shi ne ƙaramin yaro ya kashe ƙato. Suna da hujja ta fuskar kallo, amma ba su ne ke kwana da kumburarren kai ba.

A daidai wannan tsakanin kiɗan Hausa shi ma ya juya. Fim ɗin Turmin Danya na 1990 shi ake ɗauka farkon masana'antar fina-finan Kano, kuma waƙoƙin fim ne suka kawo fiyano, wadda mutum ɗaya zai zauna a ɗan ƙaramin sitidiyo ya fitar da sautin ganga da sarewa da kalangu duk daga cikinta. Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015, fagen kuma ya koma hannun su Aminu Ala da Nazifi Asnanic da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef, da Dauda Kahutu Rarara a ɓangaren siyasa. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta cika wayoyi a 2020, Ado Gwanja ya biyo da nasa na rawar biki. A ƙauye ba a buƙatar intanet kafin a same su. Ranar kasuwa akwai mai rumfar cajin waya da kwamfuta a gabansa, a ba shi memori ya cika ta da waƙoƙi da fina-finai da bidiyon dambe, a koma gida a tura wa abokai. Wannan ma sabuwar sana'a ce da samari suka ƙirƙiro wa kansu.

Wanda abin ya fi shafa shi ne makaɗin gargajiya. A da babu bikin da za a yi ba a kira mai kalangu ya kaɗa wa 'yan mata a dandali ba. Yanzu saurayi mai janareta da lasifika biyu ya karɓe wannan aiki, ya fi araha, kuma yana da duk waƙar da amarya ke so. Ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 da sa idon Hisba a kan kiɗan dandali sun ƙara taƙaita aikin mai kalangu. 'Ya'yan makaɗa da yawa sun ajiye gangar gado sun kama wani abin. Amma a gidan dambe kalangu bai gusa ba, dalilin kuwa a fili yake. Waƙar da aka naɗa a sitidiyo ba ta ganin fage. Ba ta san lokacin da gwiwar mutum ta yi sanyi ba balle ta sauya take ta tashe shi, ba ta iya hango babban baƙo ya shigo ta ambaci sunansa ya zaro kuɗi. Fiyano ta samu wurinta ne a bayan wasa, inda ake ɗora sabuwar waƙa a kan bidiyon kisa a watsa a TikTok da Facebook, wani ɗan damben ma ya biya mawaƙin zamani ya yi masa tasa. Galibin waɗannan waƙoƙi ba sa daɗewa a kunne, saboda na'urar gyaran murya ta sa muryoyin sun yi kama da juna, kirarin kuma na aro ne.

Hanyar da saurayin ƙauye ke bi kafin ya kai ga ɗaure hannu ba miƙaƙƙiya ba ce. Yakan fara da dako a kasuwar hatsi ta Dawanau, ko turin kurar ruwa a birni, ko leburanci wurin gini. Shekaru da dama acaɓa ce mafakar irin waɗannan samari, har gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birni a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Wasu suka koma Adaidaita Sahu, wasu suka nufi kudu da baburansu, can ma Legas ta hana acaɓa a manyan sassanta a 2020, ta ƙara tsanantawa a 2022. Cire tallafin man fetur a 2023 ya sake rage ribar duk wata sana'ar da ke shan mai. Kowace daga cikin waɗannan sana'o'i tana son jari ko mai tsaya wa mutum. Dambe kuwa jarinsa jiki ne da zuciya. Yaro zai raɓi wani babba, ya riƙe masa jaka, ya naɗa masa zare, ya riƙa shiga damben share fage kafin manya su fito, in hannunsa na da nauyi a fara kiransa da sunan ubangidan. Shi ya sa a yau ɗan manomi ya yi yawa a fagen da a da na 'ya'yan mahauta ne. Da yawansu ba su rabu da gona ba. Da ruwa ya sauka sai gidajen dambe su rage cika, an tafi gida shuka da noman farko.

Samun ba daidai yake ba. 'Yan kaɗan da suka yi fice suna hawa mota, ana gayyatarsu gari-gari, sauran kuwa sallamar da za su samu ba ta wuce ta abinci da kuɗin mota. Ga kashe kuɗi wurin masu ba da sa'a, domin har yanzu laya da kambu da tsagar magani a hannu ba su bar harkar ba, duk da wa'azin malamai. Ga kuma ƙwaya da wiwi da wasu ke sha don kashe zafin naushi, abin da ke ɓata wa wasan suna a idon iyaye, ya sa ake jinkirin ba ɗan dambe aure a wasu gidaje.

Sana'ar kuma gajeriya ce. Ƙarfin ɗan dambe na 'yan shekaru ne, bayansu sai targaɗe da karayar yatsu da zubewar haƙora, wani ya samu matsalar ido ko ta ƙwaƙwalwa, babu fansho, babu inshora. Dole a sake sauya aiki. Wanda ke da baki da farin jini yakan zama alƙalin wasa ko mai tara yara a ƙarƙashinsa, wani ya kama gadi, wani ya koma fawa ko tukuba, wasu kuma 'yan siyasa su ɗauke su aikin banga lokacin zaɓe su watsar bayan an rantsar. Masu dabara tun suna ganiyarsu suke sayen shanun huɗa ko tumakin kiwo su bar wa 'yan'uwa a gida, ko su sayi Adaidaita Sahu su ba wani yana kawo balas. Babban burin yawancinsu shi ne gona, sai dai ita ce ta fi wuyar samu. Birni yana ta cin gonakin Ungogo da Dawakin Tofa ana yanka su filaye, farashi ya fi ƙarfin mai ƙaramin samu, wanda ya tara 'yan kuɗinsa a fage sai ya nausa can wajen Tsanyawa ko Makoɗa kafin ya samu wadda zai iya saya, ko kuwa ya karɓi jingina.