Ko Kun Sani? Gasar Duniya Daga Cikin Ɗaki

Ko kun san akwai gasar duniya da mutum ke shiga yana zaune a ɗakinsa, ba intanet, ba layin waya? A ƙarshen Oktoban kowace shekara, dubban masu tashar rediyo ta gida kan shafe awa 48 suna kiran juna ta gajeren zango a gasar CQ World Wide. Ko gaisuwa babu: lambar kira, ƙarfin sigina, lambar shiyya, sai na gaba. An kasa duniya shiyya 40, Najeriya, Nijar da Gana suna ta 35, kuma duk wanda ya samo tasha a wata nahiya daban ya ci maki 3. Muryar na kaiwa nesa ne saboda can sama akwai sashen iska da ke dawo da siginar ƙasa, ta sauka dubban kilomita daga inda ta tashi.